Ƙafar Hagun Hamidou Mai Cicinga

A Zongon Lome, in ka ce kana neman Hamidou sai a ce maka wanne, don masu sunan sun yi yawa. Amma ka ce Hamidou mai cicinga, nan take za a nuna maka bakin tashar motocin arewa, inda hayaƙi ke tashi tun bayan la'asar. Cicinga dai tsire ne, haka mutanen nan suke kiransa. Uban Hamidou Bakatsine ne, mahauci, ya sauka Lome tun tsohon Zongo yana cikin gari ba a tashe shi ba. Da ya rasu ya bar wuƙaƙe, da tukuba ɗaya, da 'ya'ya maza biyu, Hamidou da ƙanensa Issifou.

Su biyun suka ci gaba da sana'ar, kowa da ɓangarensa. Hamidou ne a gaban wuta, yana juya tsinke yana ciniki, ya yi da wannan da Hausa, ya juya ya yi da wancan da Mina, in ɗan boko ne ya jefa masa Faransancin kasuwa. Bakinsa ba ya hutawa, kuma faɗa ba ya yi masa wuya. Issifou yana daga baya a kan benci, shi ke yanka, shi ke tsirewa, shi ke shafa ƙuli, sai ya yini bai ce uffan ba. Gida ɗaya suke zaune da iyalansu, ƙofa tana kallon ƙofa.

Abu na biyu da aka san Hamidou da shi shi ne doguwar alwala. Mutumin nan in ya zo kan ƙafa sai ka rantse amarya ake wa lalle. Yatsa ɗaya bayan ɗaya yake tsefewa, ya goge dunduniya, ya duba, ya sake. Sau da yawa ana tada iƙama yana kan ƙafar dama. Mutanen masallaci suna tsokanarsa cewa raka'ar farko ba ta san fuskarsa ba, shi kuma ya ce su dai suna jiƙa ƙafa ne kawai kamar agwagi.

Wata safiya da damina zai tafi mayanka, ya tarar takalmin robarsa ya yage. Sai ya zura na Issifou, alhali ƙafar Issifou ba ta kai tasa ba. Takalmin ya matse shi, yatsun hagu suka dunƙule a ciki, yana tafiya yana tsaki. A dawowa ya hau zemijan, wato ɗan acaɓa, da buhun nama a cinyarsa. Wata babbar mota da ta fito daga tashar jirgin ruwa ta goge su. Mai mashin ya tashi da ƙujewa kawai. Hamidou kuwa ya farka a asibiti a Tokoin, ƙafar hagu babu ita daga ƙasan gwiwa.

Musulmi ba ya barin gaɓar ɗan'uwansa a hannun asibiti. Issifou ya je ya karɓo ƙafar, an ba shi ita cikin baƙar leda a ɗaure. Ya tambayi limamin unguwa, Malam Abdulwahidu, yadda ake yi. Malam ya ce ba wanka, ba salla, a naɗe ta a ƙyalle mai tsabta a binne. Issifou ya sayi farin yadi, ya naɗe ledar yadda aka ba shi, ya tafi maƙabarta ana tsuga ruwa, ya haƙa rami a gefe ya rufe. Bai ba kowa labarin ranar ba, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Rauni ya warke sumul. Hamidou ya koyi tafiya da sanduna, aka sa masa kujera a gaban tukuba, ciniki ya dawo. Sai dai ƙafar da aka binne ta ƙi tafiya. Yana jin ta, nan inda take a da, yatsun a dunƙule, farata suna nutsewa cikin tafi, wani abu yana matse ta ta ko'ina. In abin ya motsa sai ya kai hannu zai murza, hannun ya faɗa kan tabarma. Likita ya duba dungun ya ce lafiya lau yake. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka shafa man da kowace baƙuwa ta zo da shi. Ya koma kan ƙwayoyin nan da ake sayarwa a faranti a tasha, suka riƙa kwantar da shi a gaban wuta har nama ya ƙone. Ranar da barci ya ɗauke shi ya rasa Juma'a, matarsa Safiatou ta kwashe su duka ta zuba a masai, ta ce in ya so ya sake ta.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai koko, Iya Mero, ta shigo gaishe shi. Ta saurari yadda yake kwatanta ciwon, ta kama haɓa. Ta ce ai a garinsu an taɓa yin irin wannan, hannun wani aka binne a lanƙwashe, bai sami barci ba sai da aka tono aka miƙe shi.

“Wa ya binne taka?” in ji ta. “Ya dai cire mata takalmi ko?”

Hamidou ya ji maganar nan ta zauna daram. Ai matsin da yake ji, matsin takalmin nan ne, ba wani ba. Ya ƙwalla wa ƙanensa kira.

“Issifou, da suka ba ka ledar, ka buɗe?”

“Ban buɗe ba, Yaya.”

“To da takalmin ka binne ta, ko babu?”

Issifou ya sunkuyar da kai. “Ban sani ba. Na kasa dubawa.”

Wani mai wayo da sai ya ce wallahi na cire, magana ta mutu. Amma Issifou tunda yake bai iya ƙarya ba, ko irin wadda ake yi don a zauna lafiya. Hamidou ya ce gobe-goben nan a je a tono. Suka kai maganar gaban Malam Abdulwahidu, Malam ya ce sam. Ya ce tun daga lokacin an rufe bayin Allah a kewayen wurin, ba za a buɗe makwancin mutane saboda zancen mai koko ba, kuma abin da ke cikin ramin ya riga ya zama ƙasa. Hamidou ya juya wurin ƙanensa, ya ce to shi ya je ya tono ba da sanin kowa ba, tunda shi ya san wurin. Issifou ya ce ba zai tsallake maganar Malam ba.

“Shi ke nan,” in ji Hamidou. “Ni da kai magana ta ƙare, sai ranar da takalmin nan ya fita daga ƙafata.”

Malam ya tuna masa cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Hamidou ya ce Malam yana da ƙafa biyu.

Haka aka yi azumi, aka yi layya, wani azumin ya zagayo. Tukuba ɗaya, gida ɗaya, ba magana. In yanka ya yi kauri sai Hamidou ya dubi mai saye ya ce, “Gaya wa na bayan nan hannunsa ya yi nauyi yau.” Tun mutane suna dariya har suka daina, don abin ya wuce wasa. Ciwon kuma sai gaba yake yi. Duk sanda ya ɗaga ido ya ga Issifou ya wuce a tsakar gida da ƙafafunsa biyu, sai yatsun nan su ƙara dunƙulewa. Issifou ya rame, ya ƙara shiru a kan shirunsa. Daga ƙarshe ya gaya wa iyalinsa cewa da an yi Babbar Salla zai kwashe su su koma Sokode, wurin wani abokinsa mahauci. Ya ce ganinsa ne ke ƙara wa yayansa ciwo, gara ya ba shi wuri. Labari ya kai kunnen Hamidou ta bakin Safiatou, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Issifou yana da 'ya, Hanane, wadda ta yi karatun motsa gaɓoɓin marasa lafiya, abin da suke kira kine, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Nyékonakpoè. A cinyar Hamidou ta tashi, shi ya fara sa mata tsire a baki. Ta sha gwada yi masa bayani yana kore ta, yana cewa ba a koya wa mahauci nama. Jin zancen Sokode ya sa ta sake zuwa, ta zauna a bakin tabarmarsa.

“Baba, kafin a yi wa mutum aiki sai an yanke takalmin an jefar. Ba yadda za a yi ya shiga ledar nan.”

“Kina wurin?”

“Ba na nan.”

“To rufe mini baki.”

Sai ta sake hanya. “Na yarda, takalmin yana nan. Amma ba a maƙabarta yake ba.”

Ya harare ta, amma bai kore ta ba. Ta ce masa kowace gaɓa tana da ɗakinta a cikin ƙwaƙwalwa, inda saƙonta yake sauka. Likita ya yanke ƙafa, amma ɗakin yana nan ba a rushe ba. Saƙo na ƙarshe da ya shiga ɗakin shi ne na yatsu a matse cikin takalmi, daga nan waya ta tsinke. Ƙwaƙwalwa tana ta aika wa yatsun cewa su buɗe, ba ta ji an amsa ba, ba ta ga sun motsa ba, sai ta ƙara ɗaga murya, kuma wannan ɗaga muryar shi ne abin da yake ji.

“Wato haukacewa na yi?” in ji Hamidou. “Ko ƙarya nake yi muku?”

“Ko ɗaya, Baba. Ciwonka gaskiya ne. Duk wani ciwo a can sama ake haɗa shi, har na wanda ya taka garwashi. Ba ka taɓa yanke yatsa ana tsakiyar ciniki ba, ba ka ji komai ba sai da ka ga jini a kan nama?”

Ya taɓa, ba sau ɗaya ba, amma bai ce mata e ba. Ta ƙara da cewa fushi da tsoro da rashin barci duk suna hura abin. Nan ya ce mata ta tsaya a kan ƙafa, kada ta shigar masa da zancen ubanta.

Abin da ta nema ba shi da yawa: madubi. Suka kwance dogon madubin da ke jikin kabad ɗin Safiatou, tana ta mita cewa kayan aurenta ne. Hanane ta zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugunno, ta tsayar da madubin tsakanin cinyoyinsa, fuskarsa tana kallon ƙafar dama, dungun yana ɓoye a baya. Ta ce ya leƙa. Hamidou ya leƙa yana shirin yin dariya, dariyar ta maƙale. Ga ƙafafu biyu a ƙasa, tsirara, ba takalmi. Ya yi a'uzubillahi ya ture madubin, ya ce wannan aikin bokaye ne. Sai da aka je aka tambayi Malam Abdulwahidu, Malam ya ce shi dai bai taɓa jin madubi ya yi shirka ba, kuma neman magani umarni ne.

Hanane ta ce ya riƙa kallon ta cikin madubin yana motsa yatsu a hankali, kullum, har ƙwaƙwalwa ta ga ƙafar hagu ta amsa. Ta gaya masa gaskiya, cewa wasu yana yi musu aiki, wasu ba ya yi, kuma ko ya yi, ciwon zai riƙa leƙowa. Ya yi 'yan kwanaki yana yi, bai ji komai ba sai haushi. Ƙaton mutum da furfura ya zauna yana wa madubi rawar yatsu! Ya ce a mayar wa Safiatou da kayanta.

Amma madubin bai koma jikin kabad ba, yana jingine a tsakar gida kusa da inda yake alwala. Tun da aka yanke ƙafar, Malam ya gaya masa wankinta ya sauka daga kansa, alwalarsa tana cika a ƙafar dama. Hamidou ya san haka ne, amma kullum in ya gama dama sai hannunsa ya tafi hagu da buta, ya tsaya a iska. Wata rana kafin azahar hannun ya sake yin haka, idonsa ya faɗa kan madubin. Ya waiga, ba mai kallonsa sai Issifou can a lungu yana tsire nama, shi kuwa ba a lissafa shi. Ya jawo madubin ya kafa tsakanin cinyoyinsa, ya sake zuba ruwa a ƙafar dama yana kallon ta hagu a ciki, ya fara tsefe mata yatsu. Wannan aiki ne da hannunsa ya sani, ba wasan yara ba.

Matsalar ita ce madubin yana da nauyi, siminti kuma ya jiƙe. Hannu ɗaya buta, hannu ɗaya ƙafa, ba na uku. Yana cikin wankin gindin madubin ya zame, ya tafi zai fashe, sai wani hannu mai ƙuli-ƙuli ya tare shi. Issifou ya tsuguna a bayan madubin ya riƙe gefe da gefe. Hamidou ya buɗe baki zai ce ya sake, ya tuna ba ya magana da shi, kuma a wannan lokacin Safiatou tana kasuwa, Hanane tana wurin aiki, ba wanda za a aika da saƙon. Dole ya ci gaba da wankinsa.

Washegari da ya ɗauki buta, Issifou ya ajiye wuƙa ya zo ya tsuguna. Haka jibi, haka gata. Ba sallama, ba godiya. Abin ya riƙa tafiya da gardama. Wata rana ƙaramin yatsa ya ɗan saki, Hamidou ya yini yana wa masu saye barkwanci. Wata rana hadari ya haɗu, ciwon ya dawo kamar ba a taɓa yin komai ba, ya yi jifa da buta. Da Hanane ta ji yadda ake ciki, ta ce wa ubanta ya riƙa jiƙa hannunsa, duk sanda Hamidou ya zuba ruwa a dama, shi kuma ya shafa dungun daidai lokacin, don abin da ido ya gani fata ma ta ji. Mutumin da ya kasa buɗe leda, yau an ce ya sa hannu a wurin da aka yanke. Amma ya yi, yana tallafe da madubin da kafaɗa da hannu ɗaya.

Salla ta matso, raguna suka cika tituna. A ƙofar ɗakin Issifou an fara ɗaure kaya, tukwane a buhu, katifa a naɗe. Hamidou yana wucewa da sandunansa yana yi kamar bai gani ba.

Ana saura 'yan kwanaki, kafin azahar, suka zauna kamar kullum. Hamidou ya cika alwalarsa, sannan ya karkata buta a kan ƙafar da ke cikin madubi. Ruwan ya sauka, ya ji sanyinsa a hagu, can ƙasa inda ba komai. Ya sa ɗan yatsansa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ya ji sun rabu. Ya matsa na gaba, shi ma ya buɗe. Bai yi gaggawa ba, da ma bai taɓa yi ba a wannan wuri. Da ya kai babban yatsa, faratan nan suka fita daga tafin ƙafa, matsin ya zame ta dunduniya ya tafi. Ya zauna da buta a hannu, ladan yana kira, yana sauraron ƙafarsa, bai ji komai ba sai iska tana busar da ruwa.

Sai ya miƙa wuya ya leƙa ta saman madubin, abin da bai taɓa yi ba. A wannan ɓangaren babu ƙafa biyu. Bayan madubi ne na katako, da dungu mai tabon ɗinki, da jiƙaƙƙen hannun ƙanensa a kai. Abin da Issifou yake kallo ke nan kullum, tun ranar da ya tare madubin.

“Takalmin ya fita,” in ji Hamidou, kamar da madubin yake. Sannan ya ce, “Issifou.”

Issifou ya ɗago a firgice. “Na'am, Yaya.”

“Ranar nan da ka kai ta maƙabarta. Tana da nauyi?”

“Da nauyi.”

“Kai kaɗai ka ɗauka?”

“Ni kaɗai.”

Hamidou ya kawar da kai ya dubi buhunan da ke ƙofar ɗaki. Kunya ta kama shi, irin wadda bai saba da ita ba, kuma bai iya ba da haƙuri ba, don bai taɓa koya ba. Ya yi gyaran murya.

“'Yarka ta ce abin zai riƙa dawowa. Madubin nan kuwa ka ga ba ya tsayuwa shi kaɗai.”

Issifou ya goge ido da bayan hannu, ya ce, “To, Yaya.”

Ya jingine madubin a bango, ya miƙa masa sanduna, sannan ya ɗauki butar ya yi tasa alwalar. Kafin su kai ƙofar masallaci an riga an tada iƙama har liman ya ɗago daga ruku'u. Ranar ma Hamidou ya rasa raka'ar farko, sai dai wannan karon su biyu suka rasa ta.